Kanisar Tamantit da Misƙali Bakwai: Naƙadi a Kan Yadda Muke Karanta Shehu Magili

 

A zangon karatun da ya gabata muna cikin darasin siyasar shari'a, mun iso babin jiziya, sai wani ɗalibi ɗan ƙasar Kebbe ya ce ya ji wani mai wa'azi a wayarsa yana ba da labarin Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimu Magili, cewa ya sa ladar misƙali bakwai na zinariya ga duk wanda ya kashe Bayahude a ƙasar Tuwat. Mai wa'azin ya kawo labarin ne a jerin falalolin Shehin, masu sauraro suna ta kabbara. Tambayar ɗalibin biyu ce: shin labarin ya tabbata? In kuwa ya tabbata, shin hukuncin ke nan a mazhabarmu? Ta farko na amsa masa a nan take, domin Shehu Ahmadu Baba na Tambutu ya ruwaito labarin a cikin Nailul Ibtihaj, kuma shi masoyin Magili ne, ba a tuhumarsa da son ɓata shi. Ta biyu ce ta mayar da ni ga littattafai uku: risalar da Magili ya rubuta a kan Yahudawa, da fatawoyin da Wanshirisi ya tara a kan wannan mas'ala a cikin Mi'iyarul Mu'urib, da kuma ɗan littafin da Farfesa John Hunwick ya fitar a 2006 mai suna Jews of a Saharan Oasis, wato Yahudawan wani dausayi na Sahara. Hunwick ya koyar a Jami'ar Ibadan a shekarun 1960, ya kafa cibiyar tattara rubuce-rubucen Larabci a can, ya rasu a 2015. Shi ne kuma ya yi tahƙiƙin amsoshin Magili ga Askiya Muhammadu a 1985. Ba baƙo ba ne a wannan fage.

Garin da mutanensa

Tamantit ƙaramin gari ne mai ganuwa a cikin jerin dausayoyin Tuwat, kusa da birnin Adrar na ƙasar Aljeriya ta yau. Rayuwarsa ta dogara ga dabino da magudanan ruwa na ƙarƙashin ƙasa waɗanda ake kira fuggara, sai kuma ayari. Ibn Baɗɗuɗa ya ratsa Tuwat a 1353 a hanyarsa ta komawa gida daga Takadda, Ibn Khaldun kuma ya ambaci Tamantit da suna a matsayin zangon da fatake ke tashi daga gare shi zuwa ƙasar Mali. Zinariyar Sudan a nan take haɗuwa da tufafi da tagulla na arewa. Yahudawan garin tsofaffin mazauna ne. An sami dutsen kabari a Tuwat mai rubutun Ibrananci ɗauke da kwanan wata da ya yi daidai da 1329, fiye da ƙarni ɗaya kafin Magili ya sa ƙafa a ƙasar.

Shaida mafi daraja a kan zamansu kafin fitina ta fito ne daga wani ɗan kasuwa Kirista mutumin Janawa ta ƙasar Italiya, Antonio Malfante, wanda ya aika wasiƙa gida daga Tuwat a 1447. Abin da ya gani shi ne Yahudawa suna da yawa, suna zaune lafiya, kowane rukuni yana ƙarƙashin wani shugaba Musulmi mai tsare shi, ciniki yana bi ta hannunsu, kuma da yawansu amintattu ne. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan bayani, domin wannan kariya da Malfante ya gani ya yaba ita ce ainihin abin da Magili zai kira ratayuwa da ma'abuta ƙarfi, ya gina hukuncinsa a kai. Tuwat ba ta da sarki guda mai baitulmali da ma'aikatan jiziya. Shehunan ƙabilu ne ke riƙe da garuruwa, kowa da nasa. A irin wannan ƙasa, wanda ba shi da uban ɗaki ba shi da mai tsare masa dukiya, Musulmi ne ko Bayahude.

Zamanin kuwa zamanin yaƙi ne, kuma Musulmin Magrib ne ake ci. Fotugal ta kama Sabta a 1415, ta ƙara da Asila da Ɗanja a 1471. Garnaɗa, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, tana numfashin ƙarshe, ta faɗi a Janairun 1492. A Fas, a 1465, jama'a sun yi wa sarkin Banu Marin na ƙarshe, Abdulhaƙƙ, bore saboda ya naɗa Bayahude waziri. Aka kashe sarkin da wazirin, aka auka wa Yahudawan birnin. Malamin da ya taso a Tilimsan a waɗannan shekaru, kamar Magili, ya taso yana ganin sarakuna sun gaza, iyakoki suna ruftawa, kuma yana neman dalilin wannan ƙasƙanci a cikin sakacin Musulmi da hukunce-hukuncen Allah. Wannan yana bayyana mana zafinsa. Sai dai Yahudawan Tamantit ba su ne suka kama Sabta ba, kuma 'yan'uwansu na Andalus, sarakunan da suka ci Garnaɗa su ne suka kore su a cikin shekarar nan ta 1492.

Risalar da fatawoyin

Risalar Magili an buga ta a Aljeriya a 1968 da sunan Misbahul Arwah fi Usulil Falah, ko da yake Hunwick yana ganin wannan suna na wani littafin ne daban. Fasali uku gare ta: wajabcin nisantar kafirai, abin da ya wajaba a kan 'yan amana na jiziya da ƙasƙanci, sannan halin da Yahudawan zamaninsa suke ciki na ƙetare iyaka. Larabcinta mai kaifi ne, kuma an shirya ta ne don ta motsa zuciya. Akwai waƙa a ciki, akwai rantsuwa. Wanda ya san Magili ta hanyar Tajuddin, inda yake lissafa wa sarki wajibansa a tsanake, ko ta musayar baitocinsa da Suyuɗi a kan halaccin ilimin manɗiƙ, zai ji murya daban a nan.

Fasali na farko duk nauyinsa yana kan nisanta. Mai karatu Bamalike ya kamata ya ajiye Furuƙ na Ƙarafi kusa da shi, domin Ƙarafi, wanda ya rasu a 684 bayan Hijira, ya ware babi guda don rarrabe soyayyar da aka hana da kyautatawar da aka yi umurni da ita ga ahlul zimma, bisa aya ta 8 ta Suratul Mumtahana. A cikin kyautatawar ya sa tausaya wa mai rauninsu, da ciyar da mayunwacinsu, da tsare dukiyarsu da mutuncinsu, da kare su daga wanda ya nufe su da cuta. A fasali na biyu, gaskiya ita ce Magili bai fita daga mazhaba ba: Shehu Khalil da kansa ya ambaci ƙasƙantarwa a lokacin karɓar jiziya, duk da cewa Imam Shafi'i ya fassara ƙasƙancin da ke aya ta 29 ta Suratut Tauba da gudanar hukuncin Musulunci a kansu, Nawawi kuma ya ce siffar wulaƙancin da wasu fuƙaha'u suka zayyana ba ta da asali. Ba zan ɓoye wa ɗalibai wannan ba don in gyara fuskar littattafanmu. Abin da ke ciki yana ciki.

Matsalar tana fasali na uku. A nan Magili ya yanke cewa Yahudawan Tuwat da na ƙasashen da ke kewaye ba su da zimma ko kaɗan, saboda abin da suke bai wa shugabanni ba jiziya ba ce ta shari'a, kuma sun fake da masu iko sun fita daga ƙasƙanci. In babu zimma, to jini da dukiya sun halatta. Wannan tsalle ne mai nisa, kuma a nan alƙalin Tuwat, Abdullahi ɗan Abubakar Asnuni, ya tsaya masa a gaba.

Asnuni shi ma mutumin Tilimsan ne. Sunansa bai iso zaurukanmu ba, amma tambayar da ya aika wa malaman Tilimsan da Fas, wadda Wanshirisi ya adana, tana cikin mafi kyawun abin da na karanta na rubutun alƙalai. Ya siffanta abin da yake gani da idonsa: kanisar (haka fuƙaha'u ke kiran ɗakin ibadar Yahudawa da na Nasara duka) daɗaɗɗiya ce, tana cikin unguwarsu, malaman da suka gabata sun gan ta ba su ce a rushe ba, mutanen kuma suna biyan abin da al'ada ta ɗora masu ga shehunan gari, kuma a ƙasƙance suke. Daga nan ya sa mas'alar a ma'aunin mazhaba.

Ma'aunin kuwa sananne ne ga duk wanda ya karanta Mukhtasar. Ƙasa iri uku ce. Akwai wadda aka ci da yaƙi, ba a ƙaga kanisa a cikinta sai in an yi sharaɗin haka. Akwai ƙasar sulhu, mutanenta suna da damar ginawa. Akwai kuma garin da Musulmi suka sara da kansu, abin da ake kira ikhtiɗaɗi, kamar Kufa da Ƙairawan; a nan ba a ƙaga kanisa, sai in hanawar za ta jawo ɓarna mafi girma, kuma wannan togaciya Khalil ne ya yi ta. Ɓangaren alƙali sun kafa hujja da Nasaran da Murabiɗai suka kwaso daga Andalus zuwa Magrib a 1126, waɗanda aka yi fatawar halatta masu ɗakin ibada a sabon mazauninsu tunda da alkawarinsu suka taso. Suka ce ɗan amana in ya ƙaura daga garin Musulunci zuwa wani, zimmarsa tana biye da shi, kuma daɗewar gini ba tare da inkari ba alama ce ta cewa da izini aka yi shi. Muftin Tilimsan, Ibn Zakri, ya tafi a kan a bar kanisar. Hafizi Tanasi ya rubuta doguwar amsa cewa Tuwat garuruwan Musulmi ne, shirun magabata ba hujja ba ne, rushewa wajibi ce. Imam Sanusi, mai Ummul Barahin da muka haddace muna yara a zaurukan Tambuwal, ya rubuta yana ƙarfafa Tanasi yana yaba wa Magili. Wanshirisi ma da ya zo faɗin nasa ra'ayi, ga rushewa ya karkata. Duk da haka ya kawo maganar abokan saɓaninsa a cike, har mai karatu na iya fifita ta a kan tasa. Wannan amana ta ilimi ita ce ta sa muke iya wannan bincike bayan shekara ɗari biyar.

Ni dai a fahimtata hujjar Asnuni da Ibn Zakri ta fi ƙarfi, domin kiran Tamantit garin da Musulmi suka sara da'awa ce ta tarihi wadda take buƙatar shaida, kuma babu wanda ya kawo ta daga cikin masu fatawar da ke zaune a Tilimsan da Fas, tafiyar makonni daga wurin. Amma ko da mun sallama wa Tanasi gaba ɗaya, sai mu lura da abin da aka tambaye shi da abin da ya amsa. An tambaye shi a kan gini, ya amsa a kan gini. Rushe kanisa hukunci ne, warware zimma wani hukunci ne daban mai nasa sabubba, waɗanda Khalil ya lissafa: yaƙar Musulmi, hana jiziya, tawaye ga hukunci, fyaɗe ga 'ya Musulma, leƙen asiri, zagin wani Annabi. Ko a nan ma, warwarewar tana kan wanda ya aikata, kuma shugaba ne ke duba lamarinsa. In masu karɓa sun karɓi jiziya ba bisa ƙa'ida ba, ko sun cinye ta, laifin na mai karɓa ne. Wanda aka ce ya biya ya biya bai hana komai ba.

Ga yadda Ahmadu Baba ya ba da labarin abin da ya biyo baya. Da amsar Tanasi ta iso tare da takardar Sanusi, Magili ya umurci jama'arsa suka ɗaura kayan yaƙi, suka nufi kanisoshin, ya ce a kashe duk wanda ya tare masu hanya. Suka rushe, babu wanda ya tanka. Bayan an rushe ne ya yi shelar misƙali bakwai. Ahmadu Baba ya rufe wannan gaɓa da 'yan kalmomi masu nuna cewa abubuwa sun faru, bai faɗi ko mene ne ba. Jerin nan yana da muhimmanci: ginin da aka yi fatawa a kansa ya riga ya faɗi, ba a yi turjiya ba, sannan aka sa farashi a kan rayuka. Misƙali kusan giram 4.25 ne, bakwai ke nan kusan giram 30 na zinariya. Jiziyar shekara a mazhabarmu dinari huɗu ce ga ma'abuta zinariya, kamar yadda yake a Risala. Diyyar Bayahude ko Banasare kuwa rabin ta Musulmi ce, dinari 500. Mutumin da shari'a ta ce in an kashe shi a biya 500, an wayi gari ana biyan wanda ya kashe shi bakwai. Hadisin da Bukhari ya ruwaito a kan wanda ya kashe mai alkawari, da haramta masa ƙamshin Aljanna, babu ɗalibin da bai san shi ba. Dukkan nauyin al'amarin ya koma ga kalma guda, shin akwai alkawari ko babu, kuma wanda ya ce babu ba sarkin ƙasar ba ne, ba alƙalinta ba ne, alƙalin ma cewa ya yi akwai.

Akwai gyara kaɗan a kan shekara. An saba cewa abin ya faru a 1492, har wasu su ce martani ne ga faɗuwar Garnaɗa. Asalin wannan shekara daga Hasanul Wazzan ne, wanda Turawa ke kira Leo Africanus. Ya ce wani mai wa'azi daga Tilimsan ya zuga mutane suka washe Yahudawa suka kashe mafi yawansu a shekarar da aka kore su daga Sifen. Amma a kan Tigurarin yake magana, dausayin da ke arewa da Tuwat. Sanusi kuwa ya rasu a 895 bayan Hijira, wato 1490, don haka takardarsa da muhawarar duka sun riga faɗuwar Garnaɗa. Wasiyyar Magili ga Sarkin Kano Muhammadu Rumfa tana ɗauke da shekarar 897, wadda ta fara a ƙarshen 1491. Abin da ya fi kusa shi ne wutar ta tashi a Tamantit kafin 1492, ta ci gaba da ci a maƙwabta bayan mai kunna ta ya yi kudu.

Daga Tuwat Magili ya bi ta Ahir da Takadda ya shigo Kano da Katsina, sannan ya wuce Gawo wurin Askiya Muhammadu, wanda ya hau mulki a 1493. A can labari ya same shi cewa an kashe ɗansa a Tuwat, kuma ana danganta kisan ga ɓangaren Yahudawa. Uba ne, ransa ya ɓaci, wannan babu mai zarginsa a kai. Abin da ya nema shi ne Askiya ya kama duk mutanen Tuwat da ke Gawo, aka kuwa kama su. Ahmadu Baba bai ce Yahudawa ba ne, mutanen Tuwat kawai ya ce, kuma zahirin magana fatake ne Musulmi. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Ƙa'idar da ta halatta kama jama'a da laifin mutum guda ba ta tsaya a kan Yahudawa ba ko na shekara goma. Wanda ya tsayar da ita shi ne Shehu Mahmudu ɗan Umaru Aƙit, malamin Tambutu kuma alƙalinta, ɗan'uwan kakan Ahmadu Baba. Hujjarsa gajeruwa ce: mutanen nan ba su aikata komai ba. Aka sake su. Ma'anar da ke aya ta 164 ta Suratul An'am ce ya tsaya a kanta, cewa ba a ɗora wa rai nauyin wani rai.

Na daɗe a kan wannan gaɓa a aji fiye da yadda manhaja ta tanada, saboda ɗalibin da ya yi tambayar ya fito ne daga ƙasar da ta san wannan ciwo. A kudancin Sakkwato da maƙwabtanta na Zamfara, 'yan bindiga sun kashe mutane, sun sace, sun tashi ƙauyuka. Kuma mun ga yadda a wasu wurare ake tare Bafulatani a hanyar kasuwa a kan laifin da wani ya yi a daji, sannan a dawo a ƙone ƙauyen Hausawa a kan laifin waɗanda suka tare shi. Duka ɓangarorin suna salla. Wanda ya koya wa matasa labarin misƙali bakwai a matsayin karama, ba tare da Asnuni da Mahmudu ɗan Umaru ba, ya ba su darasin da za su yi aiki da shi a inda babu Bayahude ko ɗaya.

Wani zai ce: kai wane ne da za ka yi wa Magili gyara, mutumin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya dogara da shi? Haƙiƙa Mujaddadi ya dogara da shi ƙwarai. Sirajul Ikhwan cike yake da amsoshin Magili ga Askiya, wasiyyarsa ga Rumfa kuma tana cikin Tanbihul Ikhwan. Amma a cikin gidan Shehu aka fara naƙadin Magili. Malam Abdullahi na Gwandu, a cikin Liya'us Sulɗan, bai yarda da sakin maganar Magili ba cewa duk wanda ya taimaki kafirai a kan Musulmi ya kafirta. Ya ga cewa taimakon da aka yi don abin duniya saɓo ne, bai kai kafirci ba. Shehu ya amsa masa a Najmul Ikhwan yana neman wa Magili mafita. Wa da ƙane suka yi saɓani a rubuce a kan maganar malamin da dukansu suke girmamawa, kuma babu wanda ya ce Abdullahi ya yi rashin ladabi. Sannan a aikace, daular da suka kafa, wadda Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya riƙe mata ribaɗin Tambuwal, ta karɓi jiziya daga Maguzawa ta bar su a gonakinsu, bisa faɗin Malikiyya cewa ana karɓarta daga majusawa da sauransu. Sun ɗauki Magilin Tajuddin da na amsoshin Askiya suka gina hukuma da shi. Mu ne muka zo daga baya muna neman Magilin Tamantit.

Littafin Hunwick

Babbar fa'idar wannan ɗan littafi ita ce ya sa wa mai karatun Ingilishi nassoshin Larabci a gabansa, har ya ga da idonsa cewa fuƙaha'u sun rabu biyu, kuma alƙalin garin yana ɓangaren masu karewa. Wanda ya karanta shi da adalci ba zai fita da cewa Musulunci ne ya kori Yahudawan Tamantit ba. Zai fita da sunayen mutane, da wanda ya ce a yi da wanda ya ce a bari. A zamanin da ake rubuta tarihin Yahudawan ƙasashen Musulmi da niyyar cin riba a rigimar Falasɗinu, ta wannan ɓangare ko ta wancan, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A nan ya dace in faɗa wa ɗalibanmu cewa zaluncin da ake yi wa Falasɗinawa a yau ba ya komawa baya ya halatta jinin maƙerin zinariya da ya rayu ƙarƙashin amanar Musulmi ƙarni huɗu da rabi kafin a kafa Isra'ila.

Inda nake da ja da littafin wuri biyu ne. Sunansa ya yi alkawarin tarihin Yahudawan dausayi, amma abin da mai karatu zai samu mafi yawansa tarihin Magili ne da fuƙaha'u. Mutanen da ake magana a kansu muna ganinsu ne ta idon mai ƙararsu, da alƙalin da ya kare su, da baƙon ɗan kasuwa. Wannan yanayin madogaran ne ya jawo shi, kuma Jacob Oliel, wanda ya fitar da littafi da Faransanci a 1994 a kan Yahudawan Tuwat, ya yi ƙoƙarin cike giɓin da duwatsun kabari da sunayen wurare da ruwayoyin baka. Na biyu, ƙaramin sunan littafin ya yi amfani da kalmar da ke nufin kawarwa ko shafewa, wadda a kunnen Bature take tuno da abin da Jamus ta yi a Yaƙin Duniya na Biyu. Abin da ya faru a Tamantit mummuna ne a kan kansa, ba ya buƙatar aron inuwa daga wani bala'i mai wata aƙida da wasu kayan aiki. A can hukuma ce ta shirya kisa bisa launin jini. A nan rashin hukuma ne ya ba malami mai mabiya damar zartar da ra'ayinsa da makami a kan ra'ayin alƙali.

Amma ja na da Hunwick bai kai ja na da kanmu ba. Na karanta kundayen digiri da maƙalu da dama a kan Magili, da Larabci da Hausa. Kusan dukkansu suna da fasali a kan tasirinsa a Kano, da zuriyarsa ta Sharifai, da Ƙadiriyya, da tsarin mulkin Rumfa wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. In an zo Tuwat sai a wuce da jimla biyu: ya yaƙi Yahudawan da suka mamaye tattalin arziki, malaman fada suka yi masa hassada. Ibn Zakri ba malamin fada ba ne mai sayar da fatawa. Ahmadu Baba ya yi masa tarjama ta girmamawa a cikin littafin da ya yi wa Magili. Shi kuwa zancen mamaye tattalin arziki, ba ya cikin sabubban warware zimma a kowane littafi na mazhaba, kuma yarensa ya fi kama da na jaridun ƙarni na ashirin fiye da na fuƙaha'un ƙarni na tara. Ibn Askar, a Dauhatun Nashir, ya ruwaito cewa Magili ya je Fas don munazara, malaman birnin suka tsoratar da sarki cewa mulki yake nema, ya fita cikin fushi. Marubutanmu suna kawo wannan a matsayin dalilin hassada, su manta cewa tsoron da malami mai runduna ke jefawa a zuciyar masu mulki da masu fatawa yana da tushe a abin da ya riga ya faru a Tuwat.

Fatawoyin nan suna juzu'i na biyu na Mi'iyar, shafuka masu yawa a jere, kuma sun cancanci ɗalibin digiri na biyu ya yi masu tarjama zuwa Hausa tare da ta'aliƙi, a fara da tambayar Asnuni. Na ba ɗalibin Kebbe ita ya karanta a hutun zango.

Magili ya koma Tuwat bayan sakin fataken Gawo, ya rasu a can a 909 bayan Hijira, wajen 1504, kuma ana ziyartar kabarinsa a zawiyarsa har yau. Allah ya ji ƙansa, ya saka masa da alherin abin da ya koyar da ƙasarmu, ya yafe masa inda ya yi kuskure. Hasanul Wazzan, wanda ya kammala littafinsa a 1526, ya ce a zamaninsa sarkin Tambutu ba ya barin Bayahude ya zauna a birnin, kuma yana ƙwace dukiyar duk ɗan kasuwar arewa da aka ji yana hulɗa da su. Sai wajen 1860 aka sake jin wani malamin Yahudawa, Mardukai ɗan Abi Surur mutumin Aƙƙa ta kudancin Maroko, ya zauna a Tambutu yana ciniki. Tamantit kuwa ba ta sake samun jama'ar Yahudawa ba.